Ƙusa inci shida ko kwata-rodi: da wanne ake fara lanƙwasa ƙarfe da hannu?

Gwanki_Dorayi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da tambaya ga waɗanda suka riga mu a harkar lanƙwasa ƙarfe da hannu. Na daɗe ina ɗaga ƙarfe, yanzu kuma sha'awata ta koma kan ƙarfin damƙa da wuyan hannu. Na sayo ƙusa inci shida a shagon unguwarmu, na naɗe ta da tsumma, ta lanƙwashe ba tare da wata wahala ba. Da ta ƙare na sayo wata a wani shagon daban, ita ma inci shida, amma wallahi ko gezau ba ta yi ba. Shin hannuna ne ya mutu ko ƙusar ce ta bambanta? Sannan wani ya ce in rabu da ƙusa gaba ɗaya, in sa a yanka mini rodi. Wanne ya fi dacewa da mai farawa?

Dan_Kofar_Ruwa:
Wa alaikumus salam. Hannunka lafiyarsa lau, ƙusar ce. Mu da muke sayar da ita kullum mun san haka. "Inci shida" tsawo kawai ake nufi, ba a ce maka komai a kan kauri ba. Buhu biyu za su sauka rana ɗaya daga kamfani biyu, ka ɗora ɗaya kan ɗaya za ka ga wata ta fi wata jiki. Kafintoci ma suna ƙorafi, su ce wannan tana lanƙwashewa a katako mai tauri, a ba su waccan. Kai abin da kafinta ke gudu shi kake nema.

Sarkin_Shakka:
Ikon Allah. Mutane na neman kuɗin ƙusar rufin ɗaki, wasu na saye suna lalatawa. Gwanki, in ka gama ka turo mini su in miƙe su da guduma.

Gwanki_Dorayi:
Sarki, ai na tara maka su a gwangwani, sai ka zo da kuɗin mota.

Injiniya_BK:
Bari in ɗora kan maganar Dan_Kofar_Ruwa, domin akwai lissafi a ciki, kuma shi ne gishirin zancen gaba ɗaya. Ƙarfin da sandar ƙarfe mai zagaye take da shi na ƙin lanƙwasuwa yana tafiya ne da kaurinta a ninka shi sau uku, wato kauri sau kauri sau kauri. Mai milimita 6 ta ba ka 216. Mai milimita 8 ta ba ka 512. Ka ga ƙarin milimita 2 kacal, wanda ido ma da ƙyar yake rabewa daga nesa, amma wahalar ta ninku fiye da sau biyu. Daga 8 zuwa 10 kuma ta sake kusan ninkawa.

To ka dawo kan ƙusarka. In ta farko 5.5 ce ta biyu kuma 6, bambancin ya kai kusan kashi 30 cikin ɗari, ko da ƙarfensu iri ɗaya ne. Balle kuma ba iri ɗaya ba ne. Ƙusa daga waya ake yin ta, ana jan wayar da sanyinta ta cikin ƙananan ramuka har ta sirance, wannan jan kuwa yana ƙara mata tauri. Yawan jan da aka yi mata da yawan sinadarin kabon da ke ciki su ne suke sa wata ta fi wata taurin kai.

Tsawo shi ma yana da nasa, amma bai kai kauri tasiri ba. Rage inci ɗaya daga bakwai, a takarda ƙarin bai wuce kashi 17 cikin ɗari ba, sai dai a hannu ya fi haka, saboda wurin riƙon ma ya ragu.

MaiWalda_Panteka:
Injiniya ya gama magana. Ni shawarata ga mai farawa, kada ma ya fara da ƙusa. Je wurin mai walda ka karɓi sandar walda geji 10, ka kankare garin da ke jikinta, ka koyi riƙo da ita. Ba ta da wani ƙarfi, yaro ma zai lanƙwasa, amma a nan za ka gane inda babban yatsa yake zama da yadda ake kawo hannu ƙarƙashin haɓa. Daga nan sai kwata-rodi mai santsi, wato rodi mai kaurin kusan kwatan inci, a yanka maka inci bakwai-bakwai. Sanda ɗaya za ta ba ka guntaye masu yawa, kuma duk daga jiki ɗaya suka fito, ba kamar ƙusa ba da kowace da halinta. In inci bakwai ya zama ruwa, ka rage rabin inci. Haka za ka yi ta sauka.

Abu ɗaya: a goge bakin da giranda bayan an yanka. Bakin rodi da aka yanka da almakashin ƙarfe kaifi gare shi kamar kurfi, zai huda tsumma ya shiga tafin hannu.

Hannun_Hagu:
Ina goyon bayan Oga mai walda a kan kwata-rodi, amma bari in kawo yadda masu abin suka tsara shi, don mu san inda muke. Akwai kamfanin IronMind a jihar Kalifoniya ta Amurka, su ne suka mayar da wannan abu tsani mai hawa-hawa, kowane mataki da launinsa. Fara: kauri 3/16 na inci, tsawo inci 6. Kore: kauri ɗaya, tsawo inci 5. Rawaya: kwatan inci, tsawo 7. Shuɗiya: kwatan inci, tsawo 6. Sai Ja, wadda suke kira Red Nail, kauri 5/16, tsawo 7. Suna ce musu ƙusa amma ba ƙusa ba ce, ba kai ba tsini, guntayen ƙarfe ne masu santsi.

Ita Jar ita ce ake ba mutum shaida a kanta, sunansa ya shiga jeri. John Brookfield ne ya fara samun shaidar a 1995. Sharaɗin shi ne hannu kawai, ba jingina ƙarfen da cinya ko ciki, a gama cikin minti ɗaya, kuma bakin biyu su matso har tazararsu ba ta wuce inci biyu ba.

Ku lura da tsarin: sau biyu suna riƙe kauri su rage tsawo, sannan su ƙara kauri su mayar da tsawo. Daidai abin da Oga ya faɗa ne. Kwata-rodinmu inci bakwai tana wajen Rawaya ko ƙasa da ita kaɗan.

Gwanki_Dorayi:
To 5/16 ɗin nan nawa ne a milimita? In kusan 8 ne, ashe in na yanka Y8, rodin gini mai milimita 8, inci bakwai na samu Red Nail ɗina a gida ke nan?

Injiniya_BK:
7.9 ne, kusan 8 ɗin. Amma a'a, ba abu ɗaya ba ne. Kauri ya zo ɗaya, ƙarfen ya bambanta. Rodin gini mai gurzau an yi shi ne don ya riƙe decking, ana buga shi da daraja 410 ko 460 ko 500, wato nauyin da zai ɗauka kafin ya fara bayarwa. Ƙarfe mai laushi na gama-gari kuwa wajen 250 yake. Y8 na ƙwarai zai iya kai Jar ɗin ko ya wuce ta. Sannan gurzan jikinsa yana cin fata da tsumma.

Birkila_Tsohon_Hannu:
"Na ƙwarai" ɗin nan ita ce matsalar, Injiniya. Mu da muke lanƙwasa rodi a wurin aiki da bututu mun ga iri-iri. Wani Y8 ɗin in ka auna bai cika 8 ba. Wani kana lanƙwasa ringi sai ka ji ƙas, ya karye biyu. Da yawa daga tarkacen 'yan jari-bola ake narko shi, ba ka san me ya shiga tukunyar ba, ko sifirin ɗin mota ne ko ƙafar gado. Sanda ɗaya ma wannan kan ya yi laushi wancan ya yi tauri. Wanda ya karye a bututu ba komai, amma a ce ya karye a hannunka dab da wuyanka? Ni ban ba da shawarar mai gurzau ba sam.

MaiWalda_Panteka:
Shi ya sa na ce mai santsi. Ban ce Y8 ba.

Dan_Kofar_Ruwa:
Baba birkila, a yi mana adalci dai, ba duk rodin kasuwa ne haka ba. Akwai mai cikakken awo, kuɗinsa ne ya fi. Mutane ne ke zuwa su ce a ba su mai sauƙi.

Baba_Makeri:
Yara, ku bar ni in sa baki. Ƙarfe hali biyu gare shi da ya kamata ku rabe: akwai tauri mai danƙo, akwai tauri mai gautsi. Mai danƙo zai yi maka gardama amma a ƙarshe ya bi ka. Mai gautsi ba ya gardama, shiru zai yi sai ya tashi ya tsinke. Ƙusar kankare ita ce uwar gautsi. An gasa ta an tsoma a ruwa don ta shiga siminti, ba a yi ta don ta lanƙwasu ba. Kada wanda ya kuskura ya gwada ta, ko da wasa. Ɓallinta yana tashi ya nufi ido. Haka tsohon magagari, haka sifirin, haka bakin injin huda ƙarfe.

In kana shakkar ƙarfe, kafin ka sa hannu, ka ɗaure guntu ɗaya ka bi shi da guduma har ya haɗe. In bayan gwiwar ya yi santsi, to. In ka ga ya tsattsage, jefar da sauran.

Ita kuma ƙusar da ta gagare ka, ɗana Gwanki, in ka sa ta a wuta ta yi ja, ka binne ta cikin toka ta huce da kanta, gobe za ka lanƙwasa ta kana dariya. Amma wannan kai ka san ba ƙarfinka ba ne.

Sarkin_Shakka:
Yauwa! Baba ya tona asiri. Ashe duk masu bidiyon nan gasa ta suke yi tukuna.

Hannun_Hagu:
Wasu na yi, ba musu. Shi ya sa wurin ba da shaida ake kawo ƙarfe sabo a gaban alƙali. Kuma wadda aka gasa tana nunawa, launinta yana dushewa ya yi baƙi-baƙi.

Dan_Tauri_Jikan_Tauri:
Ku dai kuna ta lissafi. Mu a gidanmu ƙarfe ba da milimita ake lanƙwasa shi ba. Kakana wuƙa yake murɗewa a gaban jama'a ana kiɗa. Akwai abin da ake sha, akwai abin da ake ɗaurawa. Wanda bai gada ba sai ya yi ta auna kauri.

Injiniya_BK:
Allah ya jiƙan kaka. Amma wuƙa faffaɗa ce siririya, ta gefen faɗinta ba ta da wani kauri, lissafin da na kawo ɗin nan shi ne ya sa take bayarwa. A miƙa masa Y12 inci bakwai mu gani.

Dan_Tauri_Jikan_Tauri:
Injiniya, ka zo wasa bayan salla ka faɗi haka a fili.

Malam_Tarihi:
Abin dariya shi ne su ma Turawan da suka shahara da wannan ba su rabu da irin wannan zance ba. Joseph Greenstein, wanda ake kira Mighty Atom, an haife shi a 1893 a ƙasar Folan, ya yi rayuwarsa a Amurka har ya rasu a 1977. Ɗan ƙaramin mutum ne, gajere, amma yana lanƙwasa takalmin doki da manyan ƙusoshi a gaban jama'a har cikin tsufansa, kuma kullum maganarsa ita ce abin a zuciya yake kafin hannu. Yana gama wasa kuma ya buɗe jaka ya sayar da sabulu da magunguna, kamar dai masu wasa a kasuwannin ƙauyenmu. Akwai kuma Alexander Zass, wanda ya yi wa Rasha yaƙin duniya na ɗaya aka kama shi fursuna. Shi ya yi suna da atisayen tura abin da ba ya motsi, wato ka yi ta matsa ƙarfen da ya fi ƙarfinka na 'yan daƙiƙu. Ya rasu a Ingila a 1962.

Ƙusar da irin su Greenstein suka yi suna da ita kuwa ita ce wadda Amurkawa ke kira 60d, tsawonta inci shida. Don haka ni ina ganin ƙusa tana da matsayinta. In ka nuna wa mutum guntun rodi bai san me ka yi ba. In ka miƙa masa ƙusa inci shida ya juya ta a hannu, ya san ta, ya taɓa buga ta.

Admin_Sadauki:
Jama'a a dawo kan tambaya. Maganar tauri a buɗe mata nata zauren. Tambayar ita ce ƙusa ko rodi ga mai farawa.

Bakanike_Fagge:
To ni zan kawo na uku: dogon bol. Dalilina, shi kaɗai ne aka rubuta masa ƙarfinsa a ka. Duba kan bol za ka ga 4.6 ko 8.8 ko 10.9. Ka ninka lambobin biyu ka ƙara sifiri, shi ne inda yake fara bayarwa: 4.6 ya ba da 240, 8.8 ya ba da 640, 10.9 ya ba da 900. Ka ga bol mai milimita 6 guda uku, kauri ɗaya tsawo ɗaya, amma matakai uku ne masu nisa. Na motocin Amurka kuma layuka ne a kan: ba layi mai laushi ne, layi uku shi ne giredi 5, layi shida giredi 8. Wannan ya fi maka canki-canki a buhun ƙusa.

Injiniya_BK:
Gaskiya ne, amma da sharaɗi biyu. Na farko, a nemi wanda zarensa a baki kawai yake, tsakiyarsa sumul. Mai zare tun daga sama har ƙasa a kan zaren zai lanƙwashe, can ya fi siranta, kuma kowane zare tamkar an fara yanka shi ne, nan yake karyewa. Na biyu, lambar da ke kai ba kullum take gaskiya ba, akwai jabu. Sannan 8.8 ba abin mai farawa ba ne, yana da sifirin, kana sassautawa yana dawowa.

Bakanike_Fagge:
Jabun ai shi ya fi daɗin lanƙwasawa, ka ɗauki hoto da 8.8 a kai, kowa ya yi ta jinjina maka.

Dan_Damagaram:
Gaisuwa daga Nijar. Mu nan fer na 6 da fer na 8 muke cewa. Na 6 mai santsi shi nake aiki da shi, kuma na tarar da abin da ba wanda ya ambata: wanda ya zo a naɗe kamar gammo, aka miƙe shi, ya riga ya ɗan karkata. In ka bi ta inda ya karkata ya fi sauƙi, in ka juya shi ya fi wuya. Don haka ku mirgina guntun a kan tebur kafin ku naɗe. Kuma a kasuwar Katako ta Yamai na ga ƙarfe mai kusurwa huɗu na masu yin taga, milimita 6 shi ma. Na ɗauka ɗaya suke da mai zagaye. Ina! Injiniya, me ya sa?

Injiniya_BK:
Saboda kusurwoyin nan ƙarin nama ne, kuma a can nesa da tsakiya suke, inda ƙarfe ya fi yin aiki. Mai kusurwa huɗu ya fi mai zagaye da kusan rabi in faɗinsu ɗaya ne kuma ƙarfensu ɗaya. Wannan ma dabara ce mai kyau: tsakanin 6 da 8 rami ne mai faɗi, mai kusurwa na 6 yana cike tsakiyar. Ko ka je wurin masu juya ƙarfe ka nemi sanda mai sheƙi, wadda aka ja da sanyi. Ta fi baƙar da aka murza da zafi tauri ko da kaurinsu ɗaya. Baƙar tana bi a hankali ta yi gwiwa mai faɗi, mai sheƙin tana turjewa da farko sannan ta karya kwana wuri ɗaya. Sitenles kuma sai ka ajiye shi can gaba, shi kana lanƙwasa shi yana ƙara tauri, ƙarshen matsewar ne zai fitar maka da hawaye.

Baduku_Yan_Fata:
Duk kun yi maganar ƙarfe kun manta da abin da ke tsakaninsa da naman hannu. Gwanki ya ce tsumma yake naɗawa. Ka daina. Tsinin ƙusa yana ratsa tsumma ninki nawa ne. Ka samu fatar saniya jemammiya mai laushi, guda biyu, kowace faɗin tafin hannu, tsawonta kamar taƙi ɗaya da ɗan ƙari. Kowane baki da tasa fatar, a naɗe tam, a bar tsakiya a buɗe. Fatar akuya ta yi siriri, sai dai ka ninka. Kuma ka sani naɗi mai kauri yana rage wahala don yana ƙara maka wurin riƙo, saboda haka in za ka gwada kanka da wani, ku yi da naɗi iri ɗaya.

Anti_Fisiyo:
Ƙannena, ni aikina gashi da motsa gaɓoɓi, bari in faɗi nawa. Tsoka tana saurin ƙarfi, jijiyar da ta ɗaure ta da ƙashi ba ta sauri. Mai ɗaga ƙarfe irin Gwanki shi ya fi shiga haɗari, domin ƙirjinsa da kafaɗarsa suna da ƙarfin da wuyan hannunsa da gwiwar hannunsa ba su saba ɗauka ta wannan fuskar ba. Kada a yi kullum, a bar kwanaki a tsakani. A ɗumama hannu tukuna. Zafin tafin hannu da yin kanta ba komai, amma zafi mai suka a cikin gwiwar hannu ko yatsu su riƙa dindiris, a tsaya. Kuma wanda ke wasa da ƙusa da rodi ya tabbata allurarsa ta tetanus ba ta tsufa ba. In na zaɓa muku, wanda ba shi da tsini na zaɓa.

Hannun_Hagu:
Anti, tsinin ai ana yanke shi. Ni nakan datse tsinin in goge, sai dai ƙusar ta ragu da kusan rabin inci, ta ƙara wuya. Kuma kada wani ya ce bari ya fara da inci huɗu don ta fi siriri. Ba wurin riƙo, hannu biyu suna cin karo, ita ce ma ta fi saurin shiga nama.

Ga mai son ya san ainihin matsayin ƙarfensa, akwai yadda ake yi: a ɗora guntun a kan madogara biyu, a rataya nauyi a tsakiya, a yi ta ƙarawa har ya karkata digiri 30, a rubuta kilo nawa ne. Kowane sabon buhu ko sabuwar sanda ka sadaukar da guda ɗaya. Da haka ƙusa ma sai ta shiga tsani, ka jera su daga mai sauƙi zuwa mai wuya.

MaiWalda_Panteka:
Wannan duk wahala ce. Sanda ɗaya ta kwata-rodi, zarto, tef. Shi ke nan.

Malam_Tarihi:
Oga, amma ranar da aka ce nuna mana, ƙusa za a miƙo masa, ba kwata-rodi ba. Kai da tsini suna canza riƙo, gara ya saba.

Gwanki_Dorayi:
Na gode ƙwarai jama'a. Na je an auna mini su wurin mai juya ƙarfe: ta farko 5.5, ta biyu ta ɗan haura 6. Zan sa a yanka kwata-rodin, ita kuma mai taurin kan na ajiye ta. Baduku, nawa fatar take? Sannan ba wanda ya ce komai a kan riƙo: tafin hannu ƙasa ko sama? Na ga wasu ma hannu ɗaya sama ɗaya ƙasa.

Hannun_Hagu:
Uku ne, kuma kowanne da ƙarfen da ya fi dacewa da shi. Tafi ƙasa a ƙarƙashin haɓa shi ya fi ɗaukar mai kauri, amma yana son tsawo da sakakkiyar kafaɗa. Ga gajeriyar ƙusa ni hannu ɗaya sama ɗaya ƙasa nake yi.

Bakanike_Fagge:
Ban yarda ba. Wannan riƙon wuyan hannu ɗaya yake ɗora wa komai. Gwanki, kafin ka yanka rodin nan ka leƙo gareji, akwai bol 4.6 dogaye da na cire daga wata tsohuwar kujerar mota, ka gwada su tukuna.

Sarkin_Shakka:
Gwangwanin nawa dai kada a manta.